Zane A Tsanake: Hutun Zuciya Da Buɗin Basira

(Jawabin da ɗaya daga cikin tsofaffin ɗalibai ya gabatar a wajen taron shekara-shekara na Ƙungiya, a babban zauren makaranta, Rigasa)



 Waɗanda muka faro wannan tafiya tare da su, malamai da ɗalibai, amma yau ba sa cikinmu, Allah Ya jiƙansu da rahama, Ya kyautata namu ƙarshen.

Na san da yawa daga cikinku sun zaci zan yi magana ne a kan mutuwar masaƙun Kaduna, tun da a can na ƙarar da ƙuruciyata, ko kuwa a kan rashin aikin yi da ya dabaibaye matasanmu. To, waɗannan duka za su shigo cikin magana, amma abin da na ɗauko muku yau ƙarami ne ƙwarai, domin kuwa bai wuce fensir da fallen takarda ba. Na ga wasu a layin baya sun fara murmushi, kuma su ne dai waɗanda suke zama a layin baya tun muna aji ɗaya. Ku yi mini haƙuri ku saurara, in na gama sai ku yanke hukunci.

Kalmar zane, in an rubuta ta, fuska biyu gare ta. Akwai zanen da mata ke ɗaurawa, akwai kuma zanen da ake yi da alƙalami. A baki ne kawai ake bambanta su. Ni kuwa Allah Ya haɗa mini su duka biyun, domin na yi kusan shekara 20 ina zana adon da ake bugawa a jikin atamfa. Sai dai ba wannan zane na neman abinci nake nufi ba a yau. Abin da na kira zane a tsanake shi ne mutum ya sami wuri ya zauna, ya ɗauki alƙalami da 'yar takarda, ya riƙa jan layi sannu a hankali, idonsa da hannunsa da hankalinsa duk suna wuri guda, ba jarrabawa zai ci da shi ba, ba sayarwa zai yi ba, ba ya kuma jiran wani ya yaba masa. Abin da nake so in tabbatar muku shi ne, wannan ɗan zama yana kwantar da hankali, kuma daga cikin wannan kwanciyar hankali ne sababbin dabaru suke tsirowa.

Halin da muke ciki

Mu da muka san Rigasa tun ana noma a bayan gidaje, mun ga yadda ta cika ta batse har ta zama ɗaya daga cikin wurare mafi yawan jama'a a Ƙaramar Hukumar Igabi, kai har ma a Jihar Kaduna baki ɗaya. Tun da aka buɗe layin dogo na Abuja zuwa Kaduna a watan Yulin 2016, sunan Rigasa ya shiga bakin mutanen da ba su taɓa taka ƙasarta ba. Wannan ci gaba ne, mun gode Allah. Amma duk wanda ya tsaya a bakin titi da safe ya ga yadda motoci da Keke Napep da masu tafiya a ƙasa ke ture juna, ya san cewa gaggawa ta zama abincinmu. Kowa sauri yake yi, kuma in ka tambaye shi ina za shi, wani sa'in sai ya yi tunani kafin ya ba ka amsa.

Mu manya, wannan gaggawa ta bi mu har kan gado. Mutum zai kwanta jikinsa a gajiye, amma zuciyarsa tana lissafin kuɗin makaranta da na haya da na asibiti. In da zan ce masu shan maganin hawan jini a wannan zaure su ɗaga hannu, na tabbata sai mun tsorata. Yaranmu kuwa, tasu ta fi tamu, domin sun taso da waya a hannu. Hoto ɗaya ba ya minti guda a gabansu sai sun ture shi sun kawo wani. Malamanmu da ke aji yanzu sun fi ni sanin wahalar da ake sha kafin a sami yaro ya tsaya a kan abu ɗaya na minti 10. Wasu daga cikin matasan nan, da suka rasa inda za su sami natsuwa, sai suka tafi nemanta cikin kwalba da ƙwaya, har ta kai Gwamnatin Tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin a watan Mayun 2018. Ba na cewa fensir zai raba ɗan ƙwaya da ƙwaya. Abin da nake cewa shi ne, yaron da bai taɓa ɗanɗana natsuwa ta hanyar halal ba, ya fi sauƙin faɗawa hannun mai sayar masa da ta jabu.

Gadonmu ne

Kada wani ya ɗauka cewa wani sabon abu ne na ɗauko daga Turai. Mu duba gida tukuna.

Idan almajiri ya kusa saukar Alƙur'ani, akan kai allo wurin gwanin zayyana. Shi kuma ba a tsaye yake yin wannan aiki ba. Zai dama tawadarsa ta zuge da ƙaro, ya fiƙe alƙalumansa, ya shata gidaje a jikin allon, sa'an nan ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana cikewa da baƙi da ja da rawaya da kore, har allon ya fito kamar an saƙa shi. Haka nan wanda ya taɓa buɗe Alƙur'ani rubutun hannu, irin na Sharu Bala Gabari na Kano, ya ga adon da ake yi a gefen shafi domin nuna izu da nusufi da rubu'i da sumuni. Wanda zuciyarsa ke kasuwa ba zai iya wannan aiki ba, domin ɗigo ɗaya in ya zarce, shafi ya ɓaci. Tun can baya ma, a Bagadaza, waziri Ibn Muƙla wanda ya rasu a shekarar 940 ya tsara ma'aunin haruffan Larabci da ɗigon bakin alƙalami, ta yadda tsawon alif yake da adadin ɗigonsa, sauran haruffa kuma a auna su da shi. Wato kyawun rubutu daga awo da haƙuri yake fitowa.

Mu zo kan babbar riga. Kafin mai ɗinki ya soka allura, sai an kai rigar wurin mai zane ya fitar da aska biyu ko aska takwas, da tambari, da dagi, da sauran gidaje, da alƙalami da tawada a jikin ƙyallen. Daga nan mai ɗinki zai bi layin nan da zare, wani lokaci wata da watanni. Wani Bature mai suna David Heathcote, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya yi shekaru yana bin waɗannan masu zane yana nazarin aikinsu, har ya shirya baje kolin fasahar Hausawa a birnin Landan a shekarar 1976. Abin da muke sawa mu tafi Idi ba mu ko kalle shi ba, shi wasu suka rataye a bango suna layi domin su gani.

Ga kuma magina. Muhammadu Durugu, wanda aka fi sani da Babban Gwani, shi ya gina Masallacin Juma'a na birnin Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wajen shekarun 1830, da ƙasa da azara, da bakan gizon da har gobe masana gine-gine ke zuwa kallo. Magadansa su ne suka riƙa yi wa fuskar gidaje ado tun yaɓe yana ɗanye, kuma da zamani ya sauya ba su tsaya a kan tsohon zubi ba, sai ga keke da agogo da jirgin sama sun fito a bangon zaure, an saƙa su cikin dagi. Ita ma Ladi Kwali, wadda hotonta ke bayan takardar Naira 20, ko da yake yanzu Naira 20 ba ta sayen abin kirki, da ɗan tsinke take zana ƙadangare da kunama da kifi a jikin tulu tun yumɓu bai bushe ba. Ta shiga cibiyar koyon ginin tukwane ta Abuja, wato Suleja ta yanzu, a 1954, kuma Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, alhali ba ta yi karatun boko ba. Kada mu manta da iyayenmu mata masu ƙunshin lalle, da masu zanen ƙwarya, da dukawa, da masu ɗinkin hula da muke gani zaune a ƙofar gida a kowane layi na Rigasa.

Ku lura da abu biyu da ya haɗa waɗannan mutane duka. Na farko, babu mai gaggawa a cikinsu. Na biyu, babu mai kilina. Wanda ke zane da tawada a kan riga, ko da wuƙa mai zafi a kan ƙwarya, ba shi da damar gogewa, saboda haka dole ya tara hankalinsa kafin ya ja layi, in kuma layin ya karkace, sai ya nemo dabarar da zai mayar da karkacewar ta zama ado.

Abin da na gani a masaƙa

An kafa masaƙar farko ta zamani a Kaduna, wato KTL da ke Kakuri, a shekarar 1957, daga nan wasu suka biyo baya, har Kakuri ta zama wurin da dubban magidanta ke cin abinci, cikinsu har da iyayen wasunmu. Daga farkon shekarun 2000 suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya. Ni a ɗakin zane na ɗaya daga cikinsu na yi aiki, kuma bari in ɗan bayyana muku yadda aikin yake, domin a nan hujjata take.

Adon atamfa ba hoto guda ba ne, gida ne da ke maimaita kansa. Dole ƙarshen gidan ya haɗu da farkonsa ta sama da ƙasa da kowane gefe, yadda in an buga yadi dubu ba wanda zai gane inda aka yi gami. Sa'an nan kowane launi da takardarsa daban. In atamfa mai launi huɗu ce, sau huɗu za ka zana ta a kan takarda mai shara-shara, kuma in ɗaya ta goce ko da kaurin gashi ne, launi zai hau kan launi a dukan abin da aka buga. Bayan wannan wahala kuma sai 'yan kasuwa su zo daga Kantin Kwari su duba, in ba ta yi musu ba su ture ta gefe da ɗan yatsa.

A ɗakin nan mun kasu biyu. Akwai masu sauri, waɗanda in an ce ana son sabon zubi sai su ɗauko atamfar waje su sauya mata launi su miƙa. Akwai kuma wani dattijo, Allah Ya jiƙansa, wanda kowace safiya sai ya ɓata kusan rabin awa yana zana abin da ba wanda ya sa shi: ganyen dalbejiya, ko ɓawon gyaɗa, ko tsagewar laka da ya gani a bakin Kogin Kaduna da rani. Wata rana ya shigo da ɓawon bagaruwa a aljihu, irin wanda majema ke jima da shi. Kwana uku yana zana shi. Ran farko bagaruwa ce sak. Ran na biyu ya lura da yadda take tsukewa tsakanin ƙwaya da ƙwaya kamar carbi, sai ya bar bagaruwar ya bi wannan tsukewa. Ran na uku ya jera su suna saɓa wa juna, sai ga sarƙa ta fito wadda ba wanda ya taɓa ganin irinta a ɗakin. Wannan zubi sai da aka sake buga shi sau da yawa, masu sauri kuwa nasu ba ya wuce bugu ɗaya. Da na tambaye shi sirrin, cewa ya yi da ni, “Ɗana, ido ba ya ba da abin da ke cikinsa sai an zauna da shi.” Hausawa dai sun riga sun faɗa, sauri ya haifi nawa.

Yadda yake kwantar da hankali

Zuciyar ɗan Adam ba ta iya riƙe abubuwa masu yawa a lokaci guda. Idan ido yana bin gefen ganye, hannu kuma yana ƙoƙarin tafiya daidai da ido, to wurin da tunanin bashi da na cefane ke zama ya ragu. Hannu in ya rage sauri, numfashi ma yakan bi shi. Maimaita layi iri ɗaya kuwa, kamar mai saƙar tabarma, yana da wani daɗi da jiki ke ganewa tun kafin a ba shi suna.

Masana sun gwada wannan. A shekarar 2016, wasu masu bincike a Jami'ar Drexel ta Amurka, ƙarƙashin jagorancin Girija Kaimal, sun ba mutum 39 kayan zane da na ƙira suka ce kowa ya yi abin da ya ga dama na minti 45. An auna yawunsu kafin su fara da bayan sun gama, domin a ga yawan sinadarin kotisol, wanda jiki ke ƙara fitarwa in mutum yana cikin damuwa. Kimanin kashi 75 cikin 100 nasu ya sauka, kuma ba a ga wani bambanci ba tsakanin gwanaye da waɗanda ba su taɓa zane ba. Kafin wannan, a 2009, wata malama a Jami'ar Plymouth ta Ingila mai suna Jackie Andrade ta sa mutum 40 sun saurari wani saƙon waya mai gundura. Rabinsu an ba su takarda mai ɗauke da 'yan da'irori da murabba'ai suna cikewa da fensir suna saurare. Da aka yi musu tambayar ba-zata, masu cike takardar sun fi sauran tuna abin da aka faɗa da kashi 29 cikin 100. Don haka ina roƙon malamanmu, Allah Ya gafarta muku, waɗanda suka sha kama wasu abokanmu suna zane a bayan littafin lissafi, yau dai a yafe musu. A Amurka har an mayar da abin sana'a: wasu mutum biyu, Rick Roberts da Maria Thomas, sun fito da wata hanya a farkon shekarun 2000 da suka kira Zentangle, inda ake cike 'yar takarda da layuka masu maimaituwa ba tare da gogewa ba, mutane suna biyan kuɗi su koya. Duk wanda ya san allon zayyana, in ya ga wannan, sai ya yi dariya.

Amma fa a yi hattara. Waɗannan gwaje-gwaje na mutane kaɗan ne, kuma zane ba ya maye gurbin likita. Mai hawan jini ya ci gaba da shan maganinsa, wanda damuwa ta kai shi ga kasa barci ko kasa cin abinci ya tafi asibiti. Zane taimako ne, kamar yadda tattaki da yamma yake taimako.

Yadda yake buɗe basira

Abu na farko, zane a tsanake yana koya wa mutum gani. Yawancinmu kallo muke yi. In na ce ku zana ganyen mangwaro yanzu, kowa zai zana abin da ke kansa, wato wani dogon ƙwai da layi a tsakiya. Amma in aka ajiye ganyen a gabanka ka bi shi sannu, sai ka tarar gefensa yana lanƙwasa, jijiyoyinsa ba su fito daidai da juna ba, wani wuri ƙwaro ya ci. Wanda ya saba ganin abin da ke gabansa haka, shi ne makanikin da ke gano inda mai ke yoyo, shi ne ma'aikacin jinya da ke lura launin idon majinyaci ya sauya. Santiago Ramón y Cajal, likitan ƙasar Sifen da ya sami lambar Nobel a 1906, da hannunsa ya riƙa zana ƙwayoyin ƙwaƙwalwa da yake gani a madubin ƙara girma, kuma har yau ana koyar da ɗaliban likitanci da waɗannan zane-zane nasa.

Abu na biyu, maimaici yana haifar da sauyi. In ka zana gida ɗaya sau 20, na 20 ba zai zama daidai da na farko ba. Hannu zai ɗan karkata, wani lungu zai buɗe, sai ka ga wata hanya da ba ka yi niyya ba. Da haka bagaruwa ta zama sarƙa. Leonardo da Vinci na ƙasar Italiya, wanda ya rasu a 1519, ya shawarci masu koyon zane su riƙa tsayawa suna duban tabon da ke jikin tsohon bango, domin a cikinsa za su hango duwatsu da koguna da siffofi iri-iri. Mu kam a Rigasa, in damina ta wuce, ba mu da ƙarancin irin wannan bango.

Abu na uku, dabara ba ta son a matsa mata. Kowa a nan ya taɓa neman sunan wani ya rasa, sai da ya bar nema ya kama wani aiki sunan ya faɗo masa. Haka matsalar aiki take, ko ta gida. Lokacin da hannu ke tafiya a kan takarda, hankali yana samun sarari ya jujjuya matsalar ba tare da tsoro ba. Shi ya sa nake ajiye wata takarda a gefe, domin rubuta abin da ya faɗo mini a tsakiyar zane, kuma sau da yawa abin ba shi da wata dangantaka da zanen.

Kuma a nan kusa da mu aka yi babban misali. A 1958 wasu ɗalibai a kwalejin Zariya wadda ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, cikinsu akwai Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiya suka ce ba za su tsaya ga kwaikwayon Turawa kawai ba, kowa ya koma ya nazarci adon gidansu ya haɗa da abin da ya koya a aji. Okeke, wanda ya tashi a Kafanchan, ya koma kan layukan uli da matan Ibo ke zanawa a jiki da bango, ya yi ta bin su har ya fitar da salon da aka san shi da shi a duniya. Mu da muke da zayyana da dagi da aska takwas, me muke jira?

Tambayoyi biyu

Na san akwai mai cewa a ransa, ina hukuncin zana mai rai? Wannan fage ne na malamai, ga su nan zaune, ba zan shiga gabansu ba. Abin da na sani shi ne, ya zo a ingantattun littattafan hadisi cewa wani mai sana'ar yin hotuna ya tambayi Abdullahi ɗan Abbas, shi kuma ya nuna masa ya koma ga itatuwa da abubuwan da ba su da rai. Duk abin da na kira ku gare shi yau, ganye ne da dutse da ƙofa da buta da layuka masu sarƙewa, kuma wannan fili ne da mutum zai ƙare rayuwarsa bai kai ƙarshensa ba.

Wani kuma zai ce, yanzu da kwamfuta ke fitar da hoto cikin ƙiftawar ido ta hanyar ƙirƙirarriyar basira, ina amfanin wahalar da yaro da fensir? Amsa ita ce, na'ura za ta ba ka zubi ɗari, amma sai mai ido ne zai san wanne ne mai kyau, wanne ne zai zauna a jikin riga, wanne ne mai walda zai iya lanƙwasawa ya zama ƙofa. Mai zanen gini da injiniya da safiyo da tela da kafinta duk da layi suke fara tunani. Ban da haka, kwamfuta ba za ta huta a madadinka ba.

Yadda za a fara

Ga wanda yake so ya gwada, abin ba shi da tsada. Ka sami ƙaramin littafi marar layi da biro ko fensir. Ka zaɓi lokaci guda a yini, minti 15 ya isa. Ni na fi son bayan sallar Asuba kafin gari ya ɗauki hayaniya. Ka kashe waya ko ka bar ta a wani ɗaki. Ka ajiye abu ɗaya a gabanka, ko ganye ko makulli ko ɓawon gyaɗa, ka dube shi na minti guda kafin ka taɓa takarda. Sa'an nan ka sa bakin alƙalami, idonka yana bin gefen abin kamar tururuwa na tafiya a kai, hannunka yana biye, kana duban abin fiye da yadda kake duban takardar. Ran da ba ka son zana wani abu, ka shata ɗan murabba'i kamar tafin hannu, ka raba shi gida-gida, ka cike kowane gida da layi iri ɗaya, wannan da ɗigo, wancan da igiyar ruwa, wancan da saƙar tabarma. Kada ka goge, kada ka yage shafi, kada kuma ka nuna wa kowa in ba ka so. Ka rubuta kwanan wata a ƙasa. Bayan kwana 30 ka koma shafin farko ka duba, za ka ga abin da ni ba zan iya gaya maka ba. Masu hawa jirgin Abuja kuwa, kuna da isasshen lokaci a zaune, ga kuma zaman jira a tasha.

Roƙona ga Ƙungiya

Da na zagaya makaranta ɗazu, na tarar ɗakin da muka koyi zane a cikinsa ya zama wurin ajiye karyayyun kujeru. Ban faɗi haka don zargin kowa ba, domin mun san yawan ɗalibai da ƙarancin azuzuwa, mun kuma san cewa tun manhajar da aka fara aiki da ita a 2008 aka haɗe zane da kiɗa da wasan kwaikwayo cikin darasi ɗaya a ƙaramar sakandare, saboda haka lokacin da zane ke samu ya ragu. Wannan Ƙungiya ta yi abubuwan da suka fi wannan tsada. Don haka ina gabatar da shawarwari huɗu, ina roƙon a sa su cikin abin da za a tattauna kafin mu watse.

Na ɗaya, mu nemi izinin Shugaban Makaranta mu gyara wannan ɗaki, mu gyara kujerun da ke cikinsa su zama na zama. Na biyu, mu ɗauki nauyin takarda da fensir na shekara guda. In kowane aji na tsofaffin ɗalibai ya ɗauki zango ɗaya, ba wanda zai ji nauyi. Na uku, a ware awa ɗaya a mako bayan an tashi, ba jarrabawa, ba maki, ba bulala, duk yaron da yake so ya zo, mu kuma riƙa gayyato gwanayen unguwa, mai zayyana da mai zanen hula da mai lalle da mai walda, su zauna da yaran su nuna musu yadda suke fara aiki. Na huɗu, sau ɗaya a shekara a kai su gidan adana kayan tarihi da ke kan titin Ali Akilu su ga aikin mutanen Nok da na sauran magabata, in hali ya yi a wuce da su birnin Zariya da sashen koyar da zane na jami'a. Ni na ɗauki alkawarin zuwa kowace Alhamis na zangon farko ba tare da an biya ni ko kwabo ba, kuma ina neman mutum biyu daga cikinku da za mu riƙa karɓa-karɓa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Daga ƙarshe, ina miƙa godiya ga malamanmu da suka yi haƙuri da mu lokacin da ba mu san darajar haƙurin ba. Allah Ya saka muku da alheri, Ya ƙara muku lafiya da nisan kwana.  Allah Ya ɗaukaka wannan makaranta, Ya shirya mana zuriya, Ya zaunar da Rigasa da Jihar Kaduna da ƙasarmu lafiya, Ya mai da kowa gidansa lafiya.